Mai Fito a Kan Siminti

A shekarun da arzikin mai ya yi wa ƙasar nan yawa, soja na mulki, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin wasanni da ke wajen Sama Road a Sakkwato. Aikina buga takarda da rubuta abin da manya suka faɗa a taro, ko da ba su faɗi komai ba. A zamanin nan idan babba ya ga hoton abu a littafin 'yan kasuwar Turai ya ɗora yatsa a kai, to magana ta ƙare, sai jiran mota. Haka wata rana tirela ta sauke mana akwatunan katako, aka ɓalle su a babban ɗakin motsa jiki, muka zagaye muna kallo, ba mai son ya fara cewa bai san ko mene ne ba.

Kowanne dogon ƙarfe ne a kwance, da 'yar kujera mai gudu a bisansa, da wurin sa ƙafa, da mariƙi mai sarƙa wanda in an ja yake juya wani faifai a gaba. Masinjanmu ya ce injin markaɗe ne. Wadda ta fitar da mu kunya ita ce Malama, malamar motsa jiki a wata makarantar 'yan mata, Kirista, mutuniyar Filato, da ofishinmu ke arowa idan abu ya cije. Ta ce ta ga irinsa a inda ta yi horo a kudu. Injin tuƙi ne. Turawa masu tseren jirgin ruwa ke hawansa a cikin ɗaki idan sanyi ya hana su shiga kogi.

Na yi dariya har da ƙwalla, don mu a Sakkwato abin da ke hana mu fita ba sanyi ba ne. Amma shugabanmu, wani manjo mai saurin fushi da son a ji sunansa, bai ga abin dariya ba. Ya yi bincike ya gano babu jihar da ta taɓa yin gasa da wannan abu. Ya ce to mu za mu fara, kuma wanda ya fara shi ke riƙe da shugabanci. Sai dai ba a wayi gari a ce abu ya zama wasa. Dole a kafa ƙungiya, a rubuta dokoki, a sami 'yan wasa da mai horar da su, sannan jami'i ya zo daga Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin, ya ga gasa da idonsa kafin a amince. Nan take aka naɗa ni sakataren ƙungiyar da ba ta da ko mutum guda.

'Yan wasa ba su yi wuya ba. Aka kwaso samari majiya ƙarfi daga Kalambaina, masu aikin siminti da fasa dutse. Mai horarwa ne ya gagara. Malama ta ce ita za ta iya riƙe usur da agogo, amma ba ta taɓa horar da kowa a kansa ba. Manjo ya buga tebur ya ce ga gulbin Rima a bayan gari, a ce an rasa wanda ya iya tuƙi? A je a nemo mai fito, irin masu ƙetarar da mutane a kwalekwale. A wurinsa tuƙi duk tuƙi ne, kuma babu wanda ya yi gardama, har da ni.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce akwai wani dattijo ɗan ƙauyensu a Tudun Wada, yana tufka igiya yana sayarwa, kuma a da duk yankinsu babu mai fito kamarsa. Muka ce abin nema ya samu. Ba wanda ya tsaya tambayar abin da ya raba mai fito da ruwa har ya dawo tudu yana tufka.

Aka kawo dattijon. Dogo ne, busasshe, mai faɗin kafaɗa, ba ya kallon mutum ido cikin ido. Baba muke ce masa. Ranar farko ya zagaya injin a hankali, ya shafa shi, ya ce a nuna masa yadda ake yi. Malama ta hau ta ja. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya wane ɓangare jirgin ke nufa. Ta nuna bayanta. Na ga fuskarsa ta canja.

"Ashe wanga jirgi, mutum na kallon inda yab baro," in ji shi. "To ina gacinai?"

Gaci yake tambaya, bakin gulbi, inda ake sauka. Na ce masa Baba ai nan ɗaki ne, ba ya zuwa ko'ina, in an busa usur sai kowa ya sauka. Ya girgiza kai. Ya ce a gidansu ba a sauka jirgi sai wani ya tsaya a gaci ya amshi igiya ya ce sannu da fito. Wanda ya sauka ba a amshe shi ba, jikinsa ne ya sauka, shi yana can tsakiyar ruwa. Washegari ya zo da igiyoyin da ya tufka da hannunsa, ya ɗaura ɗaya a bayan kowane inji.

Gaskiya bai iya abin ba. Mai fito gaba yake kallo, yana sara da filafili a gefe guda, wannan kuwa ja ne da hannu biyu da tura ƙafa. Malama ce ta koya wa samarin komai, shi ma ita ta koya masa. Abin da ya kawo mana kaɗai shi ne igiya, kuma a kanta ba ya wasa. Samarin suka mai da ita abin tsokana, wannan ya ja igiyar wancan yana cewa sannu da fito, ina tsarabar ƙetare. Ni haushi ma abin yake ba ni, don ina ganin za a mai da mu abin dariya.

Sai wani cikinsu, mai rawar kai, ya dire daga injinsa da jin usur, ya ce shi dai ga shi a kan siminti, a nuna masa ruwan. Da la'asar yana tafiya yana dafa bango, ya ce ƙasa na rausaya a ƙarƙashinsa. Aka ce jiri ne. Kwana da kwanaki bai tafi ba. Abinci ba ya zama a cikinsa, in ya sha ruwa ya ce ƙarnin laka yake ji. Asibiti suka ba shi ƙwayoyi, suka ce gajiya ce, kuma har yau ina so in yarda gajiyar ce. Amma abokansa suka tallabo shi suka kawo, Baba ya sa aka ɗora shi a kan injin, ya ja kaɗan, aka amshi igiya aka yi masa sannu. Da ƙafarsa ya koma gida. Tun daga ranar tsokana ta ƙare, kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

A lokacin ne na fara lura da ɗakin. Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda ko randa sai ta yi zafi. Amma da tsakar rana, idan injunan suka ɗauki juyi tare, ƙarar faifan takan koma kamar ruwa na wucewa a ƙarƙashin katako, kuma wani wari yakan taso, na laka da ciyawar fadama. Na sa aka duba bututu, babu inda ke yoyo. Na ce man inji ne. Malama ta kalle ni ta ce ita ta san warin man inji. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Shi Baba yakan hau nasa bayan samari sun gama, a can ƙarshen layi. Ya fara a hankali, ya miƙe da ja, idonsa a kan bangon da ke gabansa kamar akwai mutane tsaye a wurin. Kullum in ya kai wani matsayi sai ya tsaya cak. Ba gajiya ba ce, don numfashinsa ma bai tashi ba. Ya yi zaune har a ƙosa, sannan ya sake ja sannu sannu, ya kira ni. Nasa injin kaɗai ke da igiya biyu, gaba da baya, kuma ta gaba yake cewa in amsa. Ƙafar wandonsa takan jiƙe har gwiwa. Na ce zufa ce, ko da yake rigarsa a bushe take.

Wata rana na kasa haƙuri. Muna zaune a gindin dogonyaro bayan azahar na tambaye shi dalilin da kowa ake amsarsa ta baya, shi ta gaba.

"Komawa nika yi, Malam. Ban ƙetarewa," in ji shi. "Ran nan gulbi ya cika, ranar kasuwa ta. Mata na ciki da kwandunansu, da uwar ɗiyana. Munka kai tsakiya jirgi yak kihe. Ni ban san wa yah hidda ni ba, sai nib buɗe ido bisa gacin da munka baro. Wasu an same su. Ita ba a same ta ba. Wurin ga da kaka ganin ina tsayawa, nan na."

Ya ce tun daga ranar bai sake sa ƙafa a kwalekwale ba, ko gadar da aka gina daga baya bai taɓa hawa ba. Da aka kira shi aikin nan ya zo ne don an ce jirgi ne marar ruwa, yana ganin ko a nan zai iya ƙarasa fiton da ya ɗauko. Mutanen da ya ɗauka bai kai su ba, kuma a wurin mai fito babu abin da ya kai wannan nauyi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, tsoro ma ya kama ni, don ya faɗi maganar ne kamar mai ba da labarin abin da ke faruwa yanzu. Na gaya wa Malama. Daga ranar ta daina fita idan ya hau.

Ana cikin haka aka sa ranar zuwan jami'in Ikko. Na rubuta dokokin gasa yadda Malama ta faɗa mini: a hau tare, a ja na ƙayyadadden lokaci, a busa usur, a duba wanda faifansa ya fi juyawa. A ƙarshe na saka doka guda ta Baba, cewa ba a sauka sai an amshi igiya. Manjo ya karanta a gabanmu, ya kai nan, ya cire tabarau. Ya ce shi wasan zamani yake so ya kafa, ba bori ba, kuma ba zai bari a je Ikko ana cewa mutanen Sakkwato sun ɗaure inji da igiya don kada ya gudu ba. Malama ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce umarni ne. Ana gobe gasa ya turo wani kofur da wuƙa ya yanke su duka, har biyun nan na ƙarshen layi.

Ranar gasa ɗakin ya cika da manyan ma'aikata da sojoji da 'yan kallo. Jami'in ya zauna a gaba da kwat, yana ta goge wuya da hankici. Samari suka yi tserensu lafiya. Da aka busa usur na ga kowanne ya miƙa hannu baya a ɓoye, abokinsa ya taɓa, leɓunansu na motsi. Jami'in bai lura ba, yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Ya kamata a tashi a nan. Amma manjo ya ji daɗi, ya miƙe ya ce yanzu baƙonmu zai ga asalin gwani, mai fito ɗan gado, wanda ya horar da yaran nan.

Baba ya zo ya tsaya a gaban injinsa, ya dubi guntun igiyar da ya rage a jikin ƙarfe, gaba da baya. Ya dube ni. Na matsa na raɗa masa cewa ya ce ba shi da lafiya. Ya ce ba a ce wa soja haka, kuma an riga an kira shi mai fito a gaban mutane. Ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya hau. Na san abin da ke jiransa a tsakiya, kuma yau babu igiyar da za a mai da shi da ita.

Malama ta busa, ya fara. Bai yi nisa ba wuta ta ɗauke, fankoki suka tsaya, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar faifansa. Warin nan ya taso, ya fi na kullum ƙarfi, har na ga wata mata a layin gaba ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasa ba tare da ta san ta yi ba. Ya kai wurinsa ya tsaya. Mutane suka zaci ya gama, wasu suka fara tafi. Ya dubi gaba, inda na saba tsayawa da igiya, ya ga hannuna wayam. Sai ya rufe ido, ya yi wata magana da ban ji ba, ya ja da dukan ƙarfinsa.

Ban taɓa ganin ya ja haka ba. Jikinsa ya karkata gefe guda kamar mai kokawa da igiyar ruwa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Lokaci ya cika, Malama ta busa usur kamar yadda doka ta ce. Bai tsaya ba. Manjo ya ce ya isa haka. Bai ji ba. Manjo ya yi wa kofur alama ya je ya sauke shi, kofur ya taka kaɗan ya tsaya yana duban ƙasa. Simintin da ke kewaye da injin ya yi duhu, kuma duhun yana faɗaɗa. Na san za a ce zufa ce, ni ma haka na rubuta a rahoto.

Malama ce ta motsa. Ta zare igiyar usur daga wuyanta, ta zagaya bayansa, ta durƙusa ta zura ta a jikin ƙarfen, ta riƙe bakin biyu. Ba ta kira shi ba, ta jira. Jansa ya fara raguwa da kansa, kamar mai lallaɓa jirgi kada ya daki gaci, har kujerar ta tsaya a ƙarshen layinta. Sai ta ja igiyar ta ce, da murya a sarari, "Sannu da fito, Baba."

Bai sauka ba. Mai fito shi ke sauka a ƙarshe, wannan kowa ya sani. Ya sake mariƙin, ya dafe ƙarfen da hannu biyu kamar mai hana shi girgiza, ya juya kansa wajen mutanen da suka taru a baya.

"Ku ba su hanya," in ji shi.

Aka dare. Ba wanda ya ba da umarni, amma tun daga injin har ƙofa hanya ta buɗe, manjo da kansa ya ja baya har ya taka ƙafar jami'in Ikko. Muka tsaya muna kallon fili, babu kowa a ciki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na san dai mayafin matar da ke bakin ƙofa ya motsa alhali babu iska.

Wasan an amince da shi. Jami'in ya ce ya ga tsari da biyayya ga doka, bai ambaci komai ba bayan haka. Manjo ya zama shugaban ƙungiyar wasan na ɗan lokaci, aka yi juyin mulki aka ɗauke shi, wanda ya gaje shi ƙwallon kwando yake so, injunan suka koma sito. Ba wannan nake tunawa ba idan na tuna ranar.

A ranar, bayan rabin mutane sun watse, Baba na nan zaune. Na je na kama hannunsa ya miƙe, tafin ƙafarsa da sanyi ƙalau da na taɓa shi wajen sa masa takalmi. A karon farko tun da na san shi ya kalle ni cikin ido.

"Malam, ta sauka?"

Ban ga kowa ba. Amma hanya ta buɗe a gabana, kuma ni ma na matsa.

"Ta sauka, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya nemi wuri a ƙasa kusa da bango ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya gyara hularsa.

"To, yi man gaisuwa," in ji shi.

Saurayin nan ɗan ƙauyensu ya raɗa mini cewa duk shekarun nan bai taɓa yarda an yi masa ta'aziyya ba, wanda ya je ma korarsa yake yi, yana cewa matarsa na hanya. Na durƙusa na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Ya ce amin, sai hawaye. Ni ma kuka na yi, ban ɓoye ba. Samarin Kalambaina suka jeru a bayana, kowa ya durƙusa ya yi tasa. Malama ta zo ta yi irin tasu ta coci, ya ce amin. Manjo ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, daga baya ya shigo ya bi layi.